Gaisuwar Tsuntsu a Garin da Ba Shi da Sarki

Ba zan taɓa mantawa ba da yammacin da na tuɓe takalma, na durƙusa a gaban wani tsohon Bature ina jinjina masa, alhali shi bawan Allah ya zo taron ne kawai don ya ji an ce akwai shayi. Shekaru sun ja, gemuna ya yi fari kamar nasa, amma har yau in abin ya faɗo mini a rai sai in tsinci kaina ina sosa ƙeya ni kaɗai.

A shekarun nan ne na saba'in, lokacin da kuɗin man fetur suka buɗe wa Nijeriya, gwamnati tana kwasar ma'aikata tana turawa karatu waje. Ni ƙaramin ma'aikaci ne a ofishin filaye da safiyo na jiharmu, sai rabo ya faɗo kaina, aka turo ni Landan in yi kwas a kan sha'anin mallakar ƙasa. Muka kama ɗaki a Camberwell ni da Bitrus, wani mutumin Filato da ke koyon ɗaukar hoton ƙashi a asibitin unguwar. Ya girme ni, ya riga ni zuwa, kuma ba ya raga mini ko kaɗan.

Kwas ɗin yana da sharaɗi guda. Ba a ba mutum takardar shaida sai ya je wani wuri ya ga yadda ake tafiyar da ƙasa da idonsa, ya rubuto rahoto. In babu rahoto, sai dai ka koma gida da akwatin tsaraba da hotonka cikin tantabaru, ni kuwa an riga an baza a garinmu cewa na tafi in zama babban mutum. Abokan karatuna duk suka zaɓi wurare na kusa. Ni wata magana ce da malaminmu ya yi a aji ta hana ni sakat. Ya ce can arewacin Sikotland akwai wani tsibiri mai tsaunuka, inda ƙasar wani yanki ta mutanen wurin ce gaba ɗaya, da makiyaya da duwatsu da bakin teku, babu wani mai gida a samansu.

Na ɗaga hannu na ce, "To wa ke raba gona?"

Ya ce, "Su."

"In rigima ta tashi fa, gaban wa ake zuwa?"

"Gaban junansu."

Ni dai ban yarda ba. A wurinmu mahauta suna da sarki, makafi suna da sarki, kasuwa tana da nata, har ruwa yana da sarkinsa. Hurumin garinmu ma cewa ake yi na kowa ne, amma gwada kafa turke a ciki ba da sanin Dagaci ba ka sha kallo. Na ƙudurta a raina sai na je na gano wanda suke ɓoyewa. Malamin ya rubuta musu, suka amsa cewa in zo, amma sai taron jama'a ya yarda kafin kowa ya buɗe mini baki a kan sha'anin ƙasarsu.

Matsalar ita ce hanya, don wurin ƙarshen duniya ne. Sai Bitrus ya ce ai kulob ɗinsu na masu hawan dutse can za su je hutun bazara, kuma akwai kujera ɗaya a mota, sai dai ta mai hawa ce. Ya kai ni wurin shugabansu, wani dogo mai suna Alan, a wani shagon shayi. Alan ya tambaye ni ko na taɓa hawan dutse. Na gyara zama na ce masa ni ɗan gindin dutse ne. Na ba shi labarin yadda samarin garinmu kan hau ƙaton dutsenmu sau ɗaya a shekara, ba igiya ba komai, su kamo mikiya da ranta su kai wa sarki, a yi kiɗa, a ba wanda ya kamo kyautar riga. Wallahi duk gaskiya ne, ban ƙara ko gishiri ba. Abin da na tsallake shi ne inda ni nake tsayawa a ranar, wato ƙarƙashin tsamiya, ina gadin takalman waɗanda suka hau (Innata ta rantse in na taka dutsen nan ba ta yafe ba, ni kuma na samu mafaka mai kyau a biyayyar iyaye). Alan ya miƙo mini hannu yana murna.

A hanyar gida Bitrus ya dube ni ya ce, "Kai, mutumina, ni fa na ga yadda kake riƙe ƙarfe da hannu biyu in za mu gangara tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa a kan matakalar nan mai tafiya da kanta."

Na ce, "Wancan ai inji ne. Dutse daban."

Ya ce, "To, an riga an yi booking. Baki dai shi ke yanka wuya."

Ban manta da ladabi ba. Na nemo goro mai kyau a wani shago a unguwar Peckham, na naɗe shi da jiƙaƙƙiyar takarda, don ba a zuwa gaban mai gari hannu rabbana. Muka yini muka kwana a mota, sannan muka shiga jirgin fito. Tekun nan ba ta san baƙo ba. Jirgi ya yi sama ya yi ƙasa, cikina yana bin sa, na rasa abin da zai kwantar mini da tashin zuciya sai goron mai gari. Na ce ɗaya kawai zan ɓara. Bitrus ma ya miƙo hannu. Kafin mu hangi tudu, takarda ce kawai ta rage.

Tsibirin kuwa abin kallo ne. Babu itace ko na rataye hula, sai ciyawa da duwatsu baƙaƙe da suka miƙe daga cikin ruwa. Tumaki ko'ina, kowace da shafin fenti a gadon baya, suna kwance a tsakiyar titi, mota ce ke kauce musu. Barewa masu manyan ƙahoni suna tsaye a kan tudu suna kallonmu, ba mai harbinsu. A bakin ruwa na ga wasu dabbobi masu fuskar kare da jikin buhu suna shan hantsi. Rana kuma ba ta gaggawar faɗuwa, har na rasa gane lokacin magariba. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne makamashinsu. Ƙasa suke yankowa kamar tubali, su shanya, su hura wuta da ita, kuma kowane gida yana da wurin da yake yanka. Na yi ta tambayar kaina, wa ya nuna wa kowa nasa?

Aka kai ni wurin Misis Morag, sakatariyar kwamitin gari, wadda ita ce kuma mai gidan waya, ita ce mai sayar da sukari da ashana. Na gaishe ta da kyau, sannan na rage murya na ce ina so a yi mini iso wurin babban.

Ta ce, "Wane babba?"

Na ce, "Mai ƙasar."

Ta ce, "Ai ka wuce da yawa daga cikinsu a hanya. Waccan mai shanya ma ɗaya ce."

Na yi murmushin wanda ya san duniya. A gida ma ba a nuna wa baƙo sarki ranar da ya sauka, sai an ga take-takensa. Sai na shiga bincike da kaina, kuma ban daɗe ba na gano mutumina. Wani tsoho ne dogo mai farin gemu, sunansa Calum, yana da sanda mai kan ƙaho. Kullum yana zaune a benci a ƙofar gidan waya, duk wanda ya zo wucewa sai ya tsaya ya sunkuya wajen kunnensa ya yi magana. Na ce a raina, ga fada, ga fadawa. (Daga baya na ji ashe kunnen ne ba ya ji sosai, bencin kuma nan ne kawai iska ba ta bugawa.)

Aka sa taro ranar Alhamis da yamma, ranar kuma da safe ne za mu fara hawa. A gindin dutsen Alan ya tara mu ya ce, "Mutanen gari sun yarda mu hau wannan ɓangaren kaɗai, wancan na tsuntsaye ne. Kada wanda ya taɓa tsuntsu ko ƙwai don kansa, na jama'a ne duka. In muka saɓa, mun yi sallama da tsibirin nan." Na gyaɗa kai fiye da kowa, don na fahimta sarai, irin fahimtar garinmu. Mikiyar dutsenmu ma ta jama'a ce, shi ya sa ba mai kai ta gidan ubansa. Fada ake kai ta.

Aka ɗaura mini igiya a ƙugu. Ba zan ɓata muku lokaci da yadda na hau ba, don ni ma ban gani ba, idona a rufe yake mafi yawan tafiyar. Ina ta karanta duk addu'ar da na sani har da ta shiga kasuwa. Da muka kai wani ɗan fili a jikin dutsen, faɗinsa bai fi tabarma ba, na ce wa Alan zan tsaya nan in nazarci shimfiɗar ƙasar. Ya ɗaure igiyata a jikin dutse, suka yi sama shi da su Bitrus.

Da numfashina ya dawo na buɗe ido. Gaskiya wurin yana da kyau, teku shuɗiya shar, tsuntsaye farare suna shawagi a ƙasa da ni, abin da ban taɓa gani ba. Ina juyawa sai na ga wani abu a cikin tsagin dutse dab da gwiwata. Ɗan tsuntsu ne, amma ya kai kaza girma, jikinsa duk laushin gashi kamar audugar rimi, yana zaune shi kaɗai yana kallona. Ashe wata uwa ce ta yi sheƙa a ɓangarenmu ba wanda ya lura. Nan take lissafi ya zo mini. Goro ya ƙare, taro yau ne, rahotona yana hannun mai gari, ga kuma gaisuwa irin ta jarumai Allah ya ajiye mini a gefe. Da ina da hankali da na tambayi kaina me ya sa bai ko motsa ba, don banza ba ta kai zomo kasuwa.

Ina miƙa hannu ya buɗe baki ya feso mini wani mai, ja kamar manja, a ƙirji. Warin kuwa ban san da me zan kwatanta shi ba, ruɓaɓɓen kifi turare ne a kansa. Hawaye suka zubo mini. Amma na ce ai ko mikiya tana yakushi, namiji ba ya ja da baya. Na juye burodin da ke jakata, na lallaɓa na saka shi, na bar masa kafar shan iska. Da suka dawo suka zuro ni ƙasa, Bitrus ya toshe hanci ya ce, "Me ya mutu a jikinka?" Na ce kashin tsuntsu na zauna a kai.

Na yi wanka har sabulu ya ƙare, warin yana nan. Na ciro babbar rigata ta shadda da hula, na fesa turare, sai abin ya zama wari biyu. Muka nufi makarantar gari inda ake taron, ina rungume da jaka. Ɗakin ya cika, maza da mata da masu goyo, ana raba shayi. Calum yana kujerar gaba kusa da murhu, sanda a tsakanin ƙafafunsa, kamar yadda na zata.

Misis Morag ta ce, "Baƙonmu daga Landan yana da roƙo." Na miƙe, na tuɓe takalma a bakin ƙofa. Na ji Bitrus ya ce, "Kai, me za ka yi?" ban kula shi ba. Na ratsa tsakiyar mutane, suna darewa (na ɗauka girmamawa ce), na zube a gaban tsohon, na dunƙule hannu na ɗaga, na ce da ƙarfi, "Ranka ya daɗe!" Sannan cikin Turancina mafi tsada na ce ni baƙo ne daga nesa, na zo neman alfarma wurin mai ƙasa, ga kuma 'yar gaisuwa daga dutsensa. Na buɗe jaka na tura gabansa.

Ɗan tsuntsun ya leƙo, ya dubi tsohon, ya feso masa man nan a wando.

Calum ya dubi wandonsa, ya dube ni, ya ce, "Ɗana, ba ka da lafiya ne?" Misis Morag ta ajiye alƙalami ta ce, "A ina ka ɗauko shi?" Na waiga na ga Alan ya dafe kai da hannu biyu, sai a lokacin maganarsa ta gindin dutse ta dawo mini da ainihin ma'anarta. Na so ƙasa ta tsage in shige, ga shi ƙasar ma ba tawa ba ce.

Bitrus ne ya cece ni, Allah ya saka masa. Ya tashi ya yi musu bayanin al'adarmu, ya ce mutumin nan ba ɓarawo ba ne, a garinsu abin da aka ce na kowa ne, sarki ake kai wa, kuma ya ɗauka wannan dattijon ne sarkinku. Wata tsohuwa a baya ta ƙyalƙyale da dariya har tana tari. Ashe matarsa ce. Ta ce, "Calum? Ko kajin gidanmu ba sa jin maganarsa!"

Daga nan aka ajiye roƙona gefe, aka shiga shari'ata, ni kuwa ina durƙushe don na rasa yadda zan tashi. Abin mamaki, duk da kunyar da nake ciki, kunnena yana buɗe. Wani masunci ya ce a kori kulob ɗin gaba ɗaya. Wata mai goyo ta ce ba laifin sauran ba ne, amma in aka yi shiru baɗi kowa zai zo da jaka. Malamar makaranta ta ce a bar dogon zance, tsuntsu yana jin yunwa. Aka sunkuya aka faɗa wa Calum abin da ake ciki, ya ce a zamanin ƙuruciyarsa su ma sukan kamo tsuntsayen nan don nama da man fitila, amma da yardar gari, kuma a raba gida-gida. Ya ce, "Ba wanda ya taɓa kawo mini ni kaɗai, har da durƙuso. Ni dai na ji daɗi. A ƙyale yaron."

Na ce alhamdu lillahi, mai gari ya yanke. Sai na ji Misis Morag ta ce, "Masu goyon bayan Calum su ɗaga hannu." Hannuwa 'yan kaɗan suka tashi, ban da na matarsa. Aka kayar da shi a gabana, shi kuwa ya ci gaba da kurɓar shayinsa ko a jikinsa. Wallahi wannan ya girgiza ni fiye da man tsuntsun.

Hukuncin da ya samu rinjaye shi ne kulob ya zauna, amma a mayar da tsuntsun yanzu-yanzu inda aka ɗauko shi, kafin iyayensa su fid da rai. Roƙona kuma sai an ga abin da ya biyo baya. Duk duniya kuwa mutum ɗaya ne ya san tsagin, wato ni. Na matsa kusa da Alan na ce a hankali, "Akwai abin da ban gaya maka ba. Ban iya hawan dutse ba." Ya ce, "Na sani tun kafin ka ɗaga ƙafa ta biyu."

Haka gari guda ya biyo mu gindin dutse, da sauran rana tas, wasu da kofunansu a hannu. Na cire babbar riga na ɗaura igiya a kan wandon shadda. Alan yana ja daga sama, Bitrus yana turo ni da kafaɗa daga ƙasa yana cewa, "Taka, ɗan gindin dutse, taka!" A wani wuri ƙafata ta zame na yi lilo a sarari, na kwarma "Wayyo Inna!" har dutsen ya amsa. Da ƙyar na kai, na ajiye ɗan tsuntsun a tsaginsa da hannu biyu. Ya yi mini sallama da feshi na uku. Washegari da hantsi Alan ya duba da madubin hangen nesa, ya ga uwar ta dawo tana ba shi abinci, sai a lokacin na iya haɗiye karin kumallo.

Na koma gidan waya na ce wa Misis Morag ina so in ba da haƙuri yadda ya kamata, wa zan samu? Ta tura ni bakin ƙofa saboda wari, ta nuna da hannu ta ce, "Tun da ka zo kake neman mai ƙasa. To fara da gidan can na bakin gada, ka bi su ɗaya bayan ɗaya har ka ɓulle bakin teku."

Sauran kwanakin, su Bitrus suna can suna hawa, ni ina ƙwanƙwasa ƙofofi. Ba gidan da aka bar ni na shiga, a waje ake kawo mini shayi, a tsaya ta inda iska ke fitowa. Amma kowa in ya gama dariya sai ya hau zance. Wannan ya nuna mini fentin tumakinsa da yadda ake ƙayyade wa kowane gida dabbobin da zai saka a makiyaya, waccan ta kai ni inda take yankan ƙasar wuta, ta kuma tsegunta mini wanda ke cin iyaka. Masuncin nan da ya so a kore mu shi ya fi kowa daɗewa da ni, yana bayanin yadda suka yi shekara suna gardama a kan gyaran shinge. Kafin in kai bakin teku na san abin da na zo nema. Ranar da za mu tafi aka sake ɗaga hannu a kaina, aka yarda in rubuta.

Na dawo Landan na samu takardata. Babbar rigar kuwa mai wanki a Camberwell ya dawo mini da ita a ƙulle cikin leda, ya roƙe ni kada in sake kawowa. Bitrus kuma bai bar wani taron suna ko walima na 'yan gida ba sai da ya ba da labarin, yana durƙusawa yana kwaikwayona.

An ce kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, ni ma na gidanmu na yi, sai dai a kan dutsen wasu. Abin da na koya shi ne, a garin da ke da sarki in ka tafka abin kunya, sau ɗaya za ka kai gwiwa ƙasa magana ta mutu. In kuwa aka ce maka ƙasa ta kowa ce, to ka kiyaye hannunka, ko ka tanadi takalmi mai ƙwari, don kowace ƙofa fada ce.